Ƙyallen Baba Ilu

Tun da na dawo daga Damagaram mutane ba su bar ni na sha iska ba. A ƙofar shago, a masallacin Juma'a, har a wurin ɗaurin aure sai an tare ni: "Alhaji Garba, yaya ƙasar Faransa? Ina tsarabarmu?" Nakan ce lafiya lau, hanya ce dai ba kyau. To, na gaji da wannan amsa, don rabinta ƙarya ce. Bari in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe, kowa ya huta.

Ni tela ne a Fagge, kuma wanda ya fara damƙa mini almakashi a hannu shi ne Baba Ilu, mutumin Damagaram, wanda ya zauna a Rijiyar Lemo tun ba a haife ni ba. Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa aka shiga buɗe makarantu ko'ina, sai wani abokina ya yi mini hanya na sami kwangilar ɗinka kayan 'yan makaranta. Kafin a ce me, shagona mai keke uku ya koma keke ashirin da wani abu. Na je Makka, na sayi mota, aka daina kirana Garba tela. Baba Ilu kuwa ya zama mai yankana. Shi ke tsaye a kan tebur tun hantsi bai ɗaga ba, kuma bandir ɗin kakin da wani zai fitar da riga arba'in, shi sai ya ƙara biyu a kai.

A sana'armu akwai wata al'ada da muka tarar. Ƙyallen da ya faɗo daga bakin almakashi ba na mai shago ba ne, na waɗanda suka yi aikin ne. Duk ranar Alhamis Baba Ilu yake raba shi, kowa ya kai gida, a harhaɗa wa yara 'yar shara ko wandon salla. Lokacin keke uku abin bai fi cikin hula ba, ban taɓa kallonsa ba. Da kwangila ta zo sai ya koma buhu-buhu, har wani mai yin katifa a Sabon Gari ya ce zai riƙa saye. A makon nan ne kuma mai unguwa ya aiko mini da takarda, wai an fitar da ni daga harajin kowa da kowa an mayar da ni cikin kuɗin masu arziki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato kowa hannunsa yana cikin aljihuna ke nan, hukuma ta gefe guda, yaran shago ta gefe guda. Na sa aka kwashe buhunan aka kulle a sito.

Ranar Alhamis Baba Ilu ya same ni a gaban mutane. Shi kaɗai ne bai taɓa ce mini Alhaji ba.

"Garba, ƙyallen yaran nan fa?"

Na ce, "Baba, yadin nan da kuɗina na saya. Kowa kuma ina biyansa ladan ɗinkinsa."

"Da kuɗinka ka saya, gaskiya ne. Amma ba haka muka tarar ba."

"Zamani ya sauya. Wanda yake son arziki ya tashi ya nema kamar yadda na nema. Zomo ba ya kamuwa daga zaune."

Wannan magana na faɗa wa mutumin da ya yi shekara arba'in a tsaye a kan teburin yanka. Ya goge almakashinsa da bakin riga, ya sa a jaka. Mako bai zagayo ba aka ce mini ya hau motar Damagaram.

Na yi wata biyar ina cika baki. Mai yankan da na ɗauko ya yi ta ɓarna, sau biyu ana dawo mini da kaya saboda hannuwan riga sun karkace. Ba zan ɓoye ba, abin da ya tashe ni rabi kewa ce, rabi aljihu. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi keken ɗinki mai aiki da lantarki, irin wanda ko a Fagge ba kowa ya taɓa gani ba, na ce da wannan zan je bikon tsoho. Na roƙi Okoro ya raka ni don ya harhaɗa keken a can. Okoro shi ke gyara mana kekuna, Inyamiri ne Kirista haifaffen Sabon Gari, Hausar bakinsa har ta fi tawa karin magana. Da muka zo sa keken a bayan mota ya ce hanyar can gargada ce, in ba a tokare shi ba zai fashe. Ni da bakina na ce a buɗe sito a ɗauko buhun ƙyalle guda a cusa masa ta kowane gefe. Okoro ya dube ni ya kau da kai.

Mun bar Kano bayan sallar asuba. Har Kazaure ni kaɗai nake magana, kuma maganar ɗaya ce: haraji. Na ce mutum ya hana idonsa barci ya tara abinsa, sai wani mai biro a kunne ya zo ya ce tunda ka fi kowa wahala sai ka fi kowa biya. A zatona Okoro zai goyi bayana, don kowa ya san da riga ɗaya ya dawo Kano bayan yaƙi, ga shi yau da shago da yara. A Daura muka tsaya shan fura a gindin wata bishiya, mai furar ta cika mana ƙwarya har tana neman zuba. Nan Okoro ya ajiye ludayi.

"Alhaji, ni ma ba na son a taɓa mini gumina. Wallahi in na ga mai karɓar haraji har zazzaɓi nake ji. Amma ka san ƙungiyar mutanen garinmu? Muna zama bayan an tashi daga coci. Mai babban shago ya ba da babba, lebura ya ba da ƙarami. In ka ce ka fi ƙarfin abin, sai wata tsohuwa ta tashi ta tuna maka wanda ya biya kuɗin motar da ta kawo ka Kano."

Na ce, "Wannan ai ganin dama ne. Ni tilas nake ƙi."

Ya yi dariya. "Ba ka san tsofaffinmu ba ne da kake cewa ganin dama." Can ya ƙara da cewa, "Ka san akwatin kayan aikina da na gudu na bari? Ƙarƙashin gadon Baba Ilu ya yi shekara uku. Ko sifana ɗaya ba ta ɓata ba. Gumin nawa ne, ban musa ba. Amma da hannu wofi zan yi gumin?"

Ban san wannan labari ba sai ranar. Na ji kunya, amma sai na mayar da ita faɗa, na ce ya yi sauri rana tana yi.

Bayan Daura taya ta yi faci, kuma ashe jak ɗin sabuwar motata ban taɓa koyon ɗaga shi ba. Wasu manoma huɗu suka bar gona suka ɗaga mana gefen motar da hannu, Okoro ya cusa dutse. Na ba su kuɗi suka ƙi, sai goro suka karɓa. Wannan ɓata lokaci shi ya sa muka isa bakin iyaka daidai sha biyun rana, muka tarar da al'adar farko da ta ɗaure mini kai. Mutanen can da rana ta take sai su rufe ofis, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, kamar an yi mutuwa a garin. Ka zo da motar zinariya ma sai ka jira la'asar ta kusa. A Kano in ka rufe shago da tsakar rana ai cewa za a yi ka karye.

Muka zauna a rumfar wata mai tuwon gero da miyar kuka. Ta kawo mana wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, wanda ya kusa tafiya da haƙorin Makkana. Okoro ya ce in ajiye ragowar, ko jak zai sake ƙi.

Da aka buɗe, ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, saurayi ne siriri mai tsabtar kaki. Hausa yake yi tsaf, amma kowace jimla sai ya ce mini Mushe, wato Malam ke nan a Faransanci. Ya nemi shaidar sana'ata. Na zazzage jaka ban sami komai mai hatimi ba sai rasiɗin kuɗin masu arzikin nan da nake zagi tun Kazaure. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce wannan ta isa. Okoro ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Sai aka zo kan keke. Ya buɗe wani littafi ya faɗi abin da zan biya, na ji kamar an mare ni. A daidai lokacin wata mata ta wuce da ƙwaryar daddawa a ka, ko kallonta bai yi ba. Na ce, "Ita fa?"

Ya ce, "Mushe, kayan raƙumi ba a ɗora wa jaki."

Na dunƙule wani abu na tura masa ƙarƙashin littafin, yadda muka saba. Ya turo mini abina da bakin biro, ya ci gaba da rubutu a hankali fiye da dā. Na biya cif. Da ya zo kan buhun ƙyalle ya cusa hannu ya zaro tsumma guda, ya yi murmushi ya ce wannan shara ce, ba a biyan komai a kan shara.

Daga nan gargada ta karɓe mu har Matamaye, ga jandarmomi, 'yan sandansu na hanya, a kowane gari, su sara maka da ladabi sannan su rubuta sunanka da na mahaifinka da lambar mota, kamar za su ba ka 'ya. Amma ko ɗaya bai ce a ba shi na goro ba. Gab da magariba muka shiga Damagaram, muka sauka a unguwar Zango, gidan wani Alhaji Mamman mai hatsi da aka haɗa ni da shi tun daga Kano. Ya ba mu ɗaki mai kaurin bango, sanyi kamar randa.

Da safe aka kawo mana gahawa da madara a cikin kwano, ba a kofi ba, ana tsoma burodin nan ana ci. Muna ci na sake tayar da zancen haraji, don bakina ba ya gajiya. Ashe na taɓo gyambo. Alhaji Mamman ya ce a shekarar yunwa sojoji sun zo sun fasa masa rumbuna, suka sayar da geronsa a farashin da suka ga dama.

"Ni na tahi kudu da motocina," in ji shi, "ni na kwana bisa hanya, ni ɓarayi suka tare. Sa'an nan a zo a ce na ɓoye abinci. To bana wa ya koma ɗauko hatsin? Ni dai ban koma ba. Su je su ɗauko da bindigoginsu."

Na ce, "Ka ji magana! Abin da nake faɗa ke nan."

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa. Yayarsa ce, Hajiya Zinariya, wadda ta kawo mana abincin, tsohuwa mai kaifin harshe.

"Mamman, ka ji tsoron Allah. Jira kake farashi ya ƙara hawa. Ba don an buɗe rumbun nan ba, da jikokin maƙwabtanka biyu ba su ga damina ba. Kuma buhunan, kai ka ɗauke su a ka? Ina 'yan dakon da suka loda maka? A bakin rumbun suka tsaya suna kallon kwaɗon ƙofa."

"Na biya su ladansu!"

"Ka biya. Ladan ya sayi mudu nawa a farashinka?"

Suka yi ta yi, da gani ba yau suka fara ba. Na lura dai kalmar da ya faɗa, na biya su ladansu, ita ce tawa sak, kuma a bakin wani ba ta yi mini daɗin ji ba. Da muka fito na tambayi Okoro wa ya fi gaskiya. Ya ce shi a ganinsa duka biyun suna da ita, shi ya sa ba za su taɓa gamawa ba.

Gidan Baba Ilu yana cikin Birni, a wani lungu da mota ba ta shiga. Muka ɗauki 'yan dako biyu, ɗaya ya ɗauki keke, ɗaya buhu. Muna tafe Okoro yana ɗaga kai sama, can ya taɓa ni ya ce, "Alhaji, ka ga waya?" Na duba. Babu falwaya ko ɗaya a unguwar. Na yi wata guda ina shirin wannan tafiya, ban taɓa tambayar ko akwai lantarki a gidan mutumin ba.

Mun same shi a zaure da wasu tsofaffi uku, yana ɗinkin hula da allura, ya kawo ta dab da hancinsa. Ya rame. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, wallahi ta washe, ya ce, "Garba! Kai ne da tahiyar nan?" Na durƙusa na gaishe shi, ya rungume Okoro, ya tambayi yaran shago ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da waɗanda ni ban riƙe sunansu ba. A lokacin na tabbata da shi zan koma.

Na sa aka kwance keken. Ƙyallaye suka zube a tabarma, keken ya fito yana ƙyalli. Na yi jawabin da na shirya, na ce kyauta ce, na ce shago ya lalace ba shi, na ce zan ninka masa albashi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya tambaya ina wurin taka ƙafa. Okoro ya ce da lantarki yake tafiya. Suka dubi juna, suka ce Allah ya kawo mana lantarkin.

Baba Ilu bai ko taɓa keken ba. Hannunsa yana cikin ƙyalle. Ya ɗago wani ya miƙe shi a gwiwa.

"Wa ke yi maka yanka yanzu? Wannan ai hannun riga guda ya zubar." Ya ɗago wani, ya shafa gefensa da babban yatsa. "Wannan kuwa nawa ne. Na watan da na taho."

Ya ajiye shi a gefe, sannan ya ce, "Keke dai ka ga ba wurinsa a nan, ka koma da shi, na gode. Amma wannan ina so. Akwai yara a lungun nan da ba su da rigar salla. Nawa mai katifa yake biyanka buhu?"

Na ce, "Haba Baba! Wane irin biya? Na ba ka kyauta. In kana so in aiko maka da buhu goma."

"A'a, Garba. Ba kyauta nake so ba. In haƙƙin mai ɗinki ne, ba sai ka ba ni ba, ɗauka zan yi. In naka ne, sai in saya. Wanne ne?"

Okoro ya sunkuyar da kai. Kalma biyu ake nema a bakina, naku ne, kuma na san in na faɗe su tsohon nan zai tashi ya ɗauko jakar almakashinsa. Amma sai na hango kaina ina shiga shago a gaban mutum ashirin ina lashe abin da na tofar. Na tuna mai katifa da na riga na yi wa alkawari. Na tuna duk surutun da na yi tun daga Kazaure har gidan Alhaji Mamman. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, ai duk ɗaya ne."

Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya ce, "To, naka ne ke nan." Ya laluba aljihu ya fito da kwabbai na kuɗinsu, ya kama hannuna ya zuba, ya naɗe mini yatsu a kai kamar yadda yake naɗe mini su a kan almakashi ina yaro. Ya ce, "Allah ya sa albarka." Ni kuma, don sabon bakin ɗan kasuwa, na ji kaina na ce amin.

Ya sa aka kawo mana fura, ya rako mu har bakin lungu, ya ce in gaida mutanen Fagge. Bai ce zai zo ba, ni ma ban iya sake tambaya ba.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi zancen haraji. Keken yana baya ba abin tokare shi, tunda na sayar da buhun, muna ji yana bugun ƙarfen mota tun daga Matamaye. Kafin mu kai Daura kansa ya tsage. Yana nan a shagon Okoro, ya ce sai an aiko da wani ƙarfe daga Ikko.

Kwana tara da dawowata, ranar Alhamis, na buɗe sito na ce wa yara su kwashe. Suka hau yi mini godiya, Alhaji ya yi kyauta, Allah ya ƙara arziki. Na daka musu tsawa na ce ba kyauta ba ce, naku ne, tun asali naku ne. Suka yi ta kallona kamar na zautu. Kun ji yadda kalmomin suka fito a sauƙaƙe a Kano, inda ba wanda ya tambaye ni.

Har yau ban ce hukuma ta iya kashe kuɗin da take karɓa ba, kuma har yau in takardar mai unguwa ta zo sai na yi tsaki kafin in biya. Ba abin da ke hana ni sukuni ke nan ba. Na rubuta wa Baba Ilu wasiƙa na ba wani direban Damagaram, na gaya masa an mayar da rabon Alhamis, na ce ya dawo ya riƙa yi da hannunsa. Direban ya dawo ba takarda, sai saƙon baka. Ya ce tsoho ya ji, ya ce madalla, ya yi murna saboda yara. Ya ce kuma a gaya wa Garba, shi nasa cinikin ya riga ya faɗa, ba ya tashi.

Kwabban suna cikin aljihun teburin yanka, inda yake ajiye alli. Ba sa sayen ko ashana a Kano, kuma ba ni da fuskar da zan mayar da su. Saboda haka masu tambayar tsaraba ku yi haƙuri, ban sayo komai a Damagaram ba. Sayarwa na je na yi.